Ranar da Masu Taɓa Wuya Suka Zo

A shekarun nan kafin babban yaƙin Turawa na biyu, can gabas da Haɗeja inda kogi yake barin hanyarsa ya bazu cikin fadama, akwai wani ƙauyen masunta da ake kira Tudun Karfasa. Ruwa ya fara janyewa, shinkafa ta nuna, hankalin kowa yana kan lauje da taru, sai ga dogari daga garin hakimi da sanarwa cewa masu taɓa wuya suna tafe jibi.

Sunan da mutane suka raɗa wa ma'aikatan ciwon barci ke nan. Sukan jera gari kaf, su bi suna laluben bayan wuya. Wanda aka ji masa kaluluwa sai a soka allura a zuƙo ruwanta a duba a madubin likita, in an ga ciwon a tura shi rumfar magani a garin hakimi, ya yi makonni yana shan allura. Dogarin ya tsaya gindin tsamiya ya faɗi doka da ƙarfi: kowa ya fito, mace da namiji har jariri, kuma duk wanda ya ɓoye mara lafiya gidan yari za shi. Bai faɗi abin da ke kawo ciwon ba, bai faɗi ko ana warkewa ba, don shi ma ba wanda ya gaya masa. Haka hukumar zamanin take, barazana tana isa ƙauye a kan doki, bayani kuwa yana can zaune a ofis. Ya karɓi bandar kifin da aka ɗaure masa ya tafi.

Rahmatu, matar Fannami masunci, daga bayan zana ta ji sanarwar, tana juya tarwaɗa a kan banda. Ta waiga da wutsiyar ido. A ƙofar ɗakin surukarta, Iya Yakaka, ga yarinya zaune da lomar tuwo a hannu, kai ya karkata, barci ya kwashe ta da hantsi tsaka.

Yarinyar nan Safara'u ce, 'yar farin Rahmatu, ba ta wuce shekara goma ba. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Rahmatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce 'yar Iya. Ba ta zama da ita a tabarma ɗaya in da mutane, ba ta yabonta, ba ta shiga faɗanta. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a Tudun Karfasa ana yabon Rahmatu da ita. Abin da ba a sani ba shi ne, ranar da Iya ta tafi suna Auyo, Rahmatu ta ja yarinyar ɗaki ta yi mata kitso, yatsunta suka ci karo da wasu ƙulli a bayan wuyanta kamar 'ya'yan goruba ƙanana. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mata daɗi ba. Ta ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, ta ga yarinyar da ke tsere da maza a bakin kwata, matsayar jirage, ta koma jan ƙafa. Ta ga duk wannan, amma ba ta da bakin faɗa, sai ta tambayi Iya a kaikaice ko 'yarta ta tashi lafiya. Iya takan ce mayu ne ko iskar bakin ruwa, an karɓo rubutu, sauran na Allah ne.

Da yamma manyan gari suka taru a zauren Bulama Shu'ibu, mai garin, ba su daɗe ba suka tashi, don shawarar ba sabuwa ba ce. Za a shiga giyayya.

Cikin fadama akwai wani tsibiri da itatuwan giyayya suka lulluɓe, baƙo ba ya gane hanyarsa. Tun zamanin yaƙe-yaƙe kakanninsu suke kai mata da yara can. Da Turawa suka zo, aka ci gaba: in masu ƙidayar haraji ne a kai samari, in masu ɗibar mutane aikin hanya ne a kai majiya ƙarfi, in masu lambar rigakafi ne a kai yara. Duk abin da ya fito daga hukuma, maganinsa giyayya. Ba a taɓa samun wanda ya tona ba, kuma kowa ya san wanda ya tona ba zai ƙara samun mai cin tuwo da shi ba a garin.

Ba kuma a banza suke tsoro ba. Ga Inuwa nan a ƙofar masallaci kullum yana tufka igiya. Shekarun baya aka kai shi rumfar magani, ya dawo makaho. Ban da haka, hukumar da ta yi dokar ba ta tanadi ko ƙwayar gero ga majinyata ba. Wanda aka kai, sai nasa su bar gona su bi shi da abinci, shinkafa tana zuba a fadama tsuntsaye suna biki.

Ranar da za a zo, bayan sallar asuba, Fannami ya saɓa yarinyar a kafaɗa, Iya tana biye da tabarma da buta. Rahmatu ta dama fura ta miƙa wa Iya, ta ce ko za ta ji yunwa a hanya. Iya ta gane wa aka yi wa furar, ta karɓa. Rahmatu ba ta raka su kwata ba, don uwa ba ta rakiyar 'yar fari. Ta tsaya tana jin ƙarar sandar tuƙi tana nisa. Jirage da dama suka tafi a safiyar, suka dawo ba kowa sai matuƙa.

Da hantsi ma'aikatan suka iso da akwatunansu a kan 'yan dako, da dogarai. Baturen likita bai zo ba, yana can barikin garin hakimi. Shugabansu wani saurayi ne ɗan Haɗeja, Malam Usman, siriri, mai saurin magana. Aka jera maza gefe, mata gefe. Rahmatu ta ji yatsunsa masu sanyi a wuyanta. Ya wuce. Ya bi layin nan har ƙarshe, rana ta take, bai sami kaluluwa ko ɗaya ba.

Ya dawo gaban Bulama ya ce abin mamaki ne, gari a bakin ruwa, maƙwabtansa duk an sami masu ciwo, amma nan ko ɗaya babu. Bulama ya shafa gemu ya ce ai su Allah ya kiyaye su, ruwansu mai albarka ne.

“Ranka ya daɗe, garinku kuma ba a haihuwa sosai, ko? Na ga iyaye da yawa, yara kaɗan.”

Wasu suka yi 'yar dariya suka haɗiye ta. Bulama ya ce yara suna gona korar tsuntsaye.

Malam Usman ya juya ga jama'a ya yi abin da ba ya cikin aikinsa, wato bayani. Ya ce ciwon nan ba maita ba ce, ƙuda ne ke kawo shi, tsando, mai zama a inuwar kurmi bakin ruwa. Ya ciji mai ciwo, ya ciji mai lafiya, shi ke nan. Ya ce ciwon yakan fara a jini da wuya, a nan allura takan kore shi. In aka bari ya hau kai, magani yakan yi wuya, kuma a irin wannan jikin ne allurar ta fi taɓa ido. Wanda aka bari ba magani kuwa, zai yi ta barci har ranar da ba za a iya tashinsa ba.

Wata tsohuwa ta ce to ga Inuwa nan, a tambaye shi daɗin allurar. Malam Usman ya je ya tsuguna gaban makahon, ya tambaye shi da ƙafarsa ya je rumfar ko kuwa.

“Wace ƙafa, ɗan nan?” in ji Inuwa. “A kan ƙyaure aka ɗauke ni. An ce har liman ya fara tambayar likkafani. Ni ban san na je ba, sai da na farka na ji ana cewa gari ya waye, na ce ƙarya kuke yi.”

Aka yi dariya, don Inuwa mutum ne mai ban dariya. Rahmatu ba ta yi ba. Shekara da shekaru tana jin labarin idon Inuwa, ba wanda ya taɓa ambatar ƙyauren. Malam Usman ya ce da la'asar za su wuce wajen Kirikasamma, kuma ƙasar da faɗi, ma'aikata kaɗan, bai san shekarar da za su dawo ba. Bulama ya ce Allah ya kai su lafiya, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, aka watse ana murna a ɓoye.

Rahmatu ta sami Fannami a bayan rumbu yana gyaran taru, ko da yake tarun ba abin da ya same shi. Ta durƙusa.

“Malam, ka ji abin da mutumin nan ya ce. Kurmi bakin ruwa. Can muka kai 'yar Iya.”

“Tun yaushe kike da baki a kanta?”

“Ba ni da shi. Amma jiya da cokali a baki ta yi barci.”

Bai ɗago ba.  Ya ce da murya ƙasa-ƙasa in an fito da ɗaya an fito da duka, shi ya tuƙa jirgi, shi za a ɗaure, da Bulama, da duk wanda ya tuƙa. Ya ce ta bari su tafi, in kaka ta wuce shi da kansa zai kai yarinyar Haɗeja. Rahmatu ta san wannan magana. Bayan kaka sai kamun kifi, bayan kamun kifi sai gyaran gona, sai damina ta rufe hanya. Haka aka yi da ɗan Asabe maƙwabciyarta, har ya zama ba ya gane uwarsa.

Ta tashi ta ɗauki ƙwarya kamar mai zuwa ɗibar bado. A ƙarshen kwata akwai ƙaramin jirgin da mata suke shiga. Ta kwance shi.

Hanyar ta fi yadda take tunawa nisa. Ciyawar ruwa ta yi kauri, sai ta danna sanda da dukkan ƙarfinta jirgin yake kutsawa. Kowane motsi ta ji sai ta waiga, ta zaci dogari ne, sai ta ga balbela. Tana tuƙi tana duban rana, rana kuwa ta fara karkata. Tana ta shirya ƙaryar da za ta yi, cewa yarinyar daga Auyo take, wajen gwaggonta, yanzu ta iso. Ta maimaita har ta kusa yarda da kanta.

Da ta shiga ƙarƙashin giyayya sai sanyin inuwa ya rufe ta. Da can tana son wannan inuwa. Yau ta tsaya ta duba. Masu ciwo kwance a tabarmi, manya da yara, gefensu 'yan'uwansu masu lafiya da aka turo jinya, da yaran da aka kawo don kawai kada a taɓa su. Ƙudajen nan masu ruwan toka suna tashi daga wannan su sauka a kan wancan, ba ƙara, ba gaggawa. Wani ya cije ta a dantse kamar tsinin allura. Gari guda ya tattara marasa lafiyarsa da masu lafiyarsa ya kai wa ƙudan har gida, yana ganin dabara ya yi wa hukuma.

Safara'u tana kwance kan cinyar Iya, furar tana gefe ba a sha ba. Iya ta ga Rahmatu ta tambaya ko sun tafi. Rahmatu ta ce suna nan, sai la'asar.

“To me ya kawo ki?”

“Iya, ki ba ni ita.”

Matan da ke kusa suka daina magana. Iya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce ashe kunyar da ake yabo ta baki ce. Ta ce ita ta goya yarinyar nan, ita ta tauna mata abinci, ba za ta miƙa ta ga masu tsiyaye ido ba. Rahmatu ba ta iya jayayya da suruka ba, ba ta taɓa yi ba. Ta faɗi abin da ta ji game da ƙudan, da ƙyauren Inuwa, kalmomin suna fitowa a hargitse. Sannan ta sunkuya ta sa hannu ƙarƙashin yarinyar. Jikin ya yi zafi, kuma ba nauyi kamar yadda ta zata.

Iya ta riƙe ƙafar jikarta. Suka tsaya haka. Wani tsando ya sauka a kumatun yarinyar, ba ta ko motsa ba, Iya ce ta kore shi da gefen mayafi. Ta daɗe tana kallon wurin da ya sauka.

“In ta makance, ke za ki ja mata sanda,” in ji Iya.

“Zan ja.”

Iya ta saki ƙafar.

Lokacin da Rahmatu ta iso kwata an riga an ɗaure akwatuna, 'yan dako suna naɗa gammo. Gari duk yana gindin tsamiya wajen sallamar baƙi. Ta hau tudu da yarinyar a kafaɗa, zaninta jiƙe har ƙugu, laka har gwiwa. Hayaniya ta mutu. Ta ga Bulama ya buɗe baki, ta ga Fannami ya zama kamar an dasa shi. Ƙaryar Auyo da ta shirya ta bi ruwa, don ba wanda yake zuwa daga Auyo ta wannan gefen.

Malam Usman ya sa aka kwance akwati. Ya taɓa wuyan yarinyar, fuskarsa ta canja. Ya tambaya 'yar wace ce. Bisa al'ada kaka ce za ta amsa, ko uba, ko wani kawu. Kakar tana giyayya. Uban yana kallon ƙasa, don in ya amsa ya amsa laifin gari duka. 

“Tawa ce,” in ji Rahmatu.

“Sunanta?”

Ta ji idon matan garin a bayanta. Sunan nan shekara goma yana cikin bakinta bai taɓa fita ba.

“Safara'u.”

Wata ta rufe baki da mayafi. Yarinyar kuwa ta buɗe ido ta dubi uwarta, kamar tana neman wanda ya yi maganar.

Aka soka allura, yarinyar ta yi ƙaramin kuka. Malam Usman ya daɗe a kan madubin, Rahmatu tana tsaye tana jira. Da ya ɗago ya ce ciwon ne. Ya tambaya ko tana gane mutane, ko hannunta yana karkarwa, ko tana magana ba kai. Rahmatu ta amsa duka ba tare da ta tsaya tunani ba, har da ranar da zazzaɓin ya fara, mutane suna mamakin yadda wadda ba ta kallon yarinya ta san wannan. Ya ce ba zai rantse mata ba, barcin ranan nan bai yi masa daɗi ba, amma yana zaton ba a makara ƙwarai ba. A kai ta rumfar magani yau, kada a kwana.

Babban dogarin bai tambayi kowa komai ba. Ya gangara kwata ya tsaya. Jirgin Rahmatu ya tsaga ciyawar ruwa, tsagar ba ta rufe ba tukuna, ga ta nan miƙe kamar hanyar kasuwa har bakin giyayya. Kafin rana ta yi ja an kwaso mutanen tsibirin duka. Malam Usman ya roƙi a bar maganar ɗauri tunda an sami majinyatan, dogarin ya ce shi doka aka ba shi, ba roƙo ba. Aka sa wa Bulama igiya, da Fannami, da sauran matuƙa. Ba a tambayi wanda zai yanke shinkafarsu ba, ba a tambayi abin da majinyatan za su ci a rumfa ba.

Hanya ɗaya ce zuwa garin hakimi, ta kan gaɓa, don haka tare aka tafi: ɗaurarru a gaba za su gaban alƙali, majinyata da masu jinya a baya za su rumfa. Rahmatu ta goya Safara'u da zani, ƙafafun yarinyar suna dukan cinyoyinta, ƙullin gero a ka. Ba wadda ta yi mata magana. Asabe, wadda aka ɗauko ɗanta a kan ƙyaure, tana tafe kusa da ita, mijinta yana cikin igiya, ba ta dube ta ba ko sau ɗaya. Rahmatu ba ta san ko za ta sake zama a Tudun Karfasa ba, ba ta san wata nawa alƙali zai yanke ba, ba ta san ko aurenta zai kai baɗi ba.

Da suka yi nisa numfashinta ya fara sarƙewa. Fannami ya waiga, ya sake waigawa. Sai ya tsaya, igiyar ta ja na gabansa. Ya roƙi dogari ya mayar masa da ɗaurin ƙugu, ya sake masa hannu. Dogarin ya yi tsaki, amma ya kwance. Fannami ya dawo baya iyakar tsawon igiyar, ya karɓi yarinyar ya ɗora a kafaɗa. 

Ta bi shi a baya dab da dab, idonta a kan fuskar da ke lilo a kafaɗarsa. Idon yarinyar ya fara lumshewa. Tsoro ya kama Rahmatu, ta matsa.

“Safara'u.”

Shiru. Ta ƙara matsawa, ta taɓa mata kumatu.

“Safara'u.”

“Na'am,” in ji yarinyar, can ƙasa, ba ta buɗe ido ba.

Suka ci gaba da tafiya. Kafin su kai gorubar da ke gaba, Rahmatu ta sake kira, ta riƙe numfashi tana jira.